Darasi: Kare Auduga da Farin Yumɓu

Akwai wani farin yumɓu mai laushi da ake kira kawolin. Da shi ake yin kwanukan tangaran, ana kuma sa shi a takarda. A shekarun 1990 masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka suka nuna cewa idan aka tace shi, aka dama da ruwa, aka fesa wa shuka, ƙwari kan guje ta.

Wannan yumɓu ba guba ba ne, kuma ba ya kashe ƙwari nan take. Aikinsa kora ce. In ruwan ya bushe, ganye kan yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Ƙwaron da ya saba gane auduga da launinta sai ya rikice. In ya sauka, ƙurar ta manne masa a ƙafa da baki, ya shagala da goge jiki maimakon ci. Malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar auduga ma yakan rage saka ƙwai a irin wannan ganye. Shi ya sa ake fara feshi kafin ƙwari su yi yawa. Wanda ya jira tsutsa ta shige cikin ƙwallon auduga ya makara, don yumɓu a waje yake tsayawa.

Kada ka haƙo yumɓu a rami ka zuba a injin feshi. Yashin da ke ciki zai toshe bakin injin. Haka kuma farar ƙasar shafen bango wani abu ne daban, tana iya ƙona ganye. Nemi tataccen kawolin da aka yi domin gona. Yawanci ana sa giram 30 zuwa 60 a kowace lita ta ruwa, amma duba abin da aka rubuta a jikin buhu. Fara dama shi a bokiti har gudaji su mutu, sannan ka juye a injin. Rufe hanci da baki lokacin awo. Riƙa girgiza injin, domin yumɓu yakan kwanta a ƙasa. Fesa saman ganye da ƙarƙashinsa.

Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi, sabon toho kuma ba shi da kariya, don haka sai an maimaita. Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan: yumɓun yana damun ƙwari masu amfani su ma, waɗanda ke cinye darɓa, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye. Wani lokaci darɓa takan ƙaru bayan feshi. Riƙa juya ganye kana dubawa kowane mako, in ka ga haka ka nemi malamin gona. Daina feshi kafin auduga ta fashe, kada kaɗa ta yi datti.

Aikin lissafi: injin feshinka yana cin lita 15. Idan za ka sa giram 50 a kowace lita, giram nawa za ka auna?