Kurakuran masu kiwon 'ya'yan ɓauna lokacin zafi

A jihar Haryana ta Indiya, gidan ɓaunar Murrah, zafi yakan haura digiri 45 a watan Mayu da Yuni. Ɓaunar gida ce da ake tatsa, ba ta dajinmu ba. Ƙidayar 2019 ta nuna Indiya na da ɓaunar gida iri-iri kusan miliyan 110.

Kuskuren farko shi ne a riƙe ɗan ɓauna kamar maraƙi. Fatarsa baƙa ce, gashi kaɗan, ƙofofin gumi kuma ba su kai na saniya ba ko kusa. Inuwa kaɗai ba ta isarsa, balle ta rufin kwano mara tsayi. Ruwa yake so a jikinsa: a yayyafa masa sau da yawa da rana, ko a bar shi ya kwanta cikin ruwa marar zurfi. Sai dai a guji kududdufin da ya daɗe a kwance, domin can ake ɗauko tsutsar hanta. In damina ta kama, iska ta yi nauyi, yayyafi ba fanka aikin banza ne.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne sikeli. Dabbar da zafi ya matsa wa tana rage ci, tana ɗirkar ruwa, jikinta kuma yana riƙe shi. Sai ka ga nauyi bai faɗi sosai ba, ka ce lafiya lau, alhali tsoka da kitse sun tsaya, ruwa ne ya cike gurbin. Ka sa hannu ka shafa haƙarƙari da gadon baya, ka duba abin da ya rage a kwami. Mace da aka bari haka takan yi jinkirin balaga, madarar da ake jira ta ja baya da watanni.

Wani kuskuren kuma shi ne ba da abinci da tsakar rana. Narkar da busasshen karan alkama a tumbi wuta ce ta biyu a cikin jiki. A mai da babban ci asuba da bayan magariba, a ƙara ɗanyen haki da gishiri. Wasu kan cika dusa da tsaba don cike giɓi, nan ma akwai matsala: tsaba na ƙara tsami a tumbi, dabbar da ke haki saboda zafi kuma tana zubar da miyau, miyaun nan kuwa shi ke kashe tsamin tumbi. In ka ga baki buɗe, harshe waje, miyau na dalala, ka ajiye batun abinci tukuna, ka kai shi inuwa ka jiƙa shi.