Shawara ga masu son ganin Eisenach da kuɗi kaɗan

'Yan uwa da ke Jamus, musamman ɗalibai: in za ku Eisenach, kada ku sayi tikitin ICE, wato jirgin ƙasa mai sauri na dogon zango. Deutschlandticket, tikitin wata-wata ɗin da kuke hawa bas da shi kullum, zai kai ku.

Tikitin yana aiki a duk jiragen ƙasa na yanki, wato RE da RB, da bas ɗin cikin gari. Daga Frankfurt ka hau zuwa Fulda, ka canza zuwa Bebra, ka sake canzawa zuwa Eisenach. Zai ci maka kusan awa uku, amma ko kwabo ba za ka ƙara ba.

Garin ƙarami ne, mutanensa dubu 40 da 'yan kai, kuma tsakiyarsa da ƙafa ake zagayawa. A nan aka haifi mawaƙi Johann Sebastian Bach a 1685. Fadar Wartburg tana bisa dutse, can malamin addinin Kirista Martin Luther ya ɓuya a 1521 ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci. Ɗakinsa ɗan mitsitsi ne, da tebur da kujera a ciki. Hawan dutsen kuwa sai da na tsaya hutu sau biyu, ku sa takalmi mai kyau.

Inda dabarar ba ta aiki: in ka yi kuskure ka faɗa ICE ko IC (jiragen dogon zango), mai duba tikiti zai ci ka tara. Kuma tikitin na wata-wata ne, in don tafiyar nan kaɗai ka saya, ka soke shi kafin 10 ga wata, in ba haka ba za su cire maka kuɗin wata mai zuwa.

Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, ku tafi da guzurinku.