Kurakuran da muke yi idan kayan ƙwalama suka ƙi karɓar jikinmu

A ƙauyenmu da ke gabashin Kano, da la'asar ta yi sanyi za ka ga yara sun fito da farantai: ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, awara da yajinta, gullisuwa, hanjin ligidi, ga zoɓo da lamurje a cikin kula. Ni kaina ba na wuce mai gyaɗa soyayya ban tsaya ba. Sai dai na lura duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya tayar wa mutum da hankali, mukan ɗora laifin inda ba nan yake ba. Wannan ya ce shawara ce, wancan ya ce sanyi ne, wata tsohuwa ta ce ai baki ne ya kama yaro.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa abu uku a kira su da suna ɗaya. Akwai abincin da jikinka kai kaɗai ba ya so, kowa ya ci lafiya kai ka tashi da borin jini. Akwai abin da aka zuba a cikin abincin, kala ko sinadarin hana lalacewa. Akwai kuma abincin da ya lalace ko guba ta shiga, wanda duk wanda ya ci sai ya ji a jikinsa. Hanyar rarrabewa ba ta buƙatar asibiti a matakin farko: a tambaya mutum nawa suka ci, nawa suka kwanta. In mutum goma suka sha zoɓon gida ɗaya, bakwai suna amai, to ba jikin kowa ba ne, zoɓon ne, kuma a hanzarta a hana sauran sha. In kai kaɗai ne, kuma an maimaita sau biyu ko uku, jikinka ne ke magana.

Bara waccan da mahajjata suka dawo, Hajiya Babba ta raba mana tsaraba, dabino da zabibi da wasu busassun 'ya'yan itace masu launin ruwan lemo, suna ƙyalli kamar yanzu aka tsinko su. Ƙanina mai asma ya cika hannu ya watsa a baki. Ko rabin awa ba a yi ba ƙirjinsa ya fara kuka kamar kyanwa, yana zaune ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa da sauka. Inna ta ce, "Ai na faɗa maka kar ka yi wanka da ruwan randa." Ya ɗago da ƙyar ya ce, "Inna, yau ko wankan ban yi ba." Abin shaƙarsa ne ya taimaka a ranar. Sai daga baya na ɗauki ledar na karanta, na ga an rubuta sulphur dioxide a cikin jerin abubuwan da aka sa.

Wannan sinadari, salfayit, a ƙasashen Turai an fi saninsa da giyar inabi, domin da shi ake hana ta tsami da lalacewa, kuma doka a Turai da Amurka ta wajabta a rubuta shi a jikin kwalba ko leda idan ya kai miligiram 10 a kowane kilo ko lita. Mu da ba ma shan giya sai mu ɗauka abin bai shafe mu ba. Ya shafe mu, don kuwa shi ɗin dai ake turara wa busassun 'ya'yan itace don kada su yi baƙi, ana sa shi a ruwan lemon tsami na kwalba da wasu lemukan roba da wasu biskit. Masu asma ya fi kamawa. A 1986 hukumar abinci ta Amurka ta hana fesa shi a kan ganyaye da 'ya'yan itacen da ake ci ɗanye, bayan an samu waɗanda numfashinsu ya sarƙe. Gyaran a nan shi ne mai asma ya saba duba bayan leda. In ya ga sulphite ko metabisulphite, ko lamba daga E220 zuwa E228, ya ajiye. In kuma babu leda, ido ma yana taimakawa: zabibi mai ruwan zinare yawanci an turara shi, baƙin nan mai yamushewa kuwa galibi rana ce kawai ta busar da shi. Abin da ya fi kyau a ido shi ya fi cancantar tuhuma a wannan fanni.

Masu sana'ar zoɓo da ƙanƙarar leda, ku yi haƙuri, zan taɓo ku. Zoɓo Allah ya yi shi da jansa, me ya kai kala cikinsa? Amma sai a zuba kala, a zuba filebo, a zuba sakarin don sukari ya yi tsada, a ƙara ɗan tsami, duk an auno su a ƙullin leda marar suna marar kwanan wata. Wasu mutane kalar nan mai ruwan ɗorawa, wadda ake rubuta wa tartrazine ko E102, tana sa musu ƙaiƙayi da borin jini, ko da yake ba su da yawa. Babban haɗarin yana cikin ƙullin da ba a san mene ne ba. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibitoci suna amai da fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemukan da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta ce wani sinadari ne daban, ba na ci ba. Farin gari duk kamarsa ɗaya a ido. Mai sana'a ta sayi wanda ke cikin ledarsa ta asali mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ko ta koma wa tsamiya da lemon tsami da citta da kanumfari, waɗanda kakanninmu suka yi sana'ar da su ba su kashe kowa ba. Mai saye kuma ba rashin kunya ba ne ya ce, "Baba, me da me kika sa a ciki? Yaron nan ba komai jikinsa ke so ba."

Na ƙuli-ƙuli ya fi ba ni tsoro, saboda ba ya nuna kansa a ranar. A gidaje da yawa ana tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa ko a ajiye iri, sai a ce wadda ta yamushe, ta yi baƙi-baƙi ko funfuna, a yi mai da ƙuli da ita, wai wuta za ta kashe komai. Wuta tana kashe funfunar, ba ta kashe dafin da ta bari, wanda ake kira afalatoksin. Hanta yake ci a hankali, kuma ga mai ciwon hanta nau'in B haɗarin kansar hanta ninkuwa yake yi. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda masarar da wannan dafi ya kama. A shanya gyaɗa a kan tabarma ko tamfol har ta bushe ƙarau, kada a jibge buhu a ƙasa ko a jingine shi da bango mai damshi, wadda ta lalace a zubar, kada ma a ba kaji. Ƙwayar da ka tauna ka ji ɗaci, tofar da ita. Manoma kuma akwai Aflasafe, maganin rage wannan dafi da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure.

Wanda tuwon madara ko alawar madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa, yawanci sukarin da ke cikin madara ne cikinsa ba ya narkarwa, ya rage kawai. Wanda kirafish ke sa wa ƙuraje ya yi hattara da soyayyar fara, jiki kan ɗauke su abu ɗaya. Gyaɗa ƙwaya kuma ba ta yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ba ce, tana shaƙe su.

Sai ranar da abin ya zo da gaske. Leɓe ya kumbura, harshe ya yi nauyi, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙyar, mu kuma muna neman manja za mu ɗura, wani ya tafi kyamis sayo Piriton. Ɗura wa mai shaƙewa manja na iya sa man ya bi hanyar iska ya gangara huhu. Piriton na ƙaiƙayi ne, ba ya buɗe maƙogwaron da ke rufewa. Allurar adirenalin ake yi, kuma a asibiti take. A tayar da babur nan take, wani ya zauna a baya ya riƙe marar lafiyan, a ɗauki ledar abin da ya ci ko ragowar zoɓon a cikin robarsa a tafi da shi don ma'aikacin lafiya ya gani.