Ranar ƙawaye a kicin

'Yan uwa masu shirya wa amarya ranar ƙawaye, ku gwada ɗauko mai yin kayan gara ta zo ta koya muku dubulan da kunun aya, kowa ta sa hannu. Amma don Allah a yi kafin ranar lalle. Mun taɓa haɗa su rana ɗaya, aka rasa mai murza fulawa, kowa na shanya hannu!

Ku jiƙa aya da dabino tun ana gobe da daddare, ku tanadi ƙanƙara, don kunun aya ba ya jure zafi, nan da nan yake tsami. Alkaki kuwa ku bar shi, kwaɓinsa sai ya kwana. Kada ku wuce mutum 10, in kun wuce, kasko ɗaya ba zai ishe ku ba.