Yadda nake duba ƙwan ƙyanƙyasa da tocila

Baragurbi ɗaya ya taɓa fashe mini a cikin injin ƙyanƙyasa ana kwana 16. Ya ɓata ƙwan da ke gefensa, wari kuma ya yi kwana uku bai bar ɗakin ba. Tun daga ranar ba na zuba ƙwai in koma gefe ina jiran kwana 21. Sau uku nake haska su: ran 7, ran 11 ko 12, sai ran 18.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar tocila mai haske sosai, fensir, da ɗaki mai duhu. Ni bayan isha'i nake yi. Ka wanke hannu, kada ka shafa mai, domin ɓawon ƙwai cike yake da dubban ƙofofi da ido ba ya gani, maiƙo kuwa toshe su yake yi. Ka riƙe ƙwan, faffaɗan kan yana sama, ka ɗora bakin tocilar a kansa, ka zagaye da yatsu don kada haske ya tsere. Ka duba, ka mayar. Kada ka tsaya kallo har ya huce.

Ran 7, ƙwai mai rai zai nuna maka ɗigo baƙi da jajayen jijiyoyi sun bazu daga gare shi kamar saƙar gizo-gizo. Wanda haske ya ratsa tas, sai inuwar gwaiduwa kawai, galibi zakara bai taka uwarsa ba. Wanda ka ga jan zobe ya kewaye cikinsa, ba rassan jijiya, ya fara ne ya mutu. Ka fitar da su duka biyun. In kana shakka, sa masa alama da fensir ka ba shi kwana uku.

Yawancin jijiyoyin da za ka riƙa bi daga nan ba a jikin ɗan tsakon suke ba. Na wani tantani ne da masana ke kira alantoyis. Wajen kwana na 4 yake fitowa daga ƙarshen hanjin ɗan tayin kamar 'yar jaka, ya yi ta girma har ya manne da tantanin da ke sama da shi, su shimfiɗu a bayan ɓawo ta ciki. Shi ne huhun ɗan tsako kafin huhunsa ya fara aiki: jini ya zo ya ɗauki iskar da ta shigo ta ƙofofin ɓawo, ya sauke gurɓatacciya. Shi ne kuma masansa, a nan yake tara fitsarinsa, irin farin nan da kake gani a saman kashin kaji. Har sinadarin kalsiyam ma tantanin yana tsotsowa daga jikin ɓawon ya kai wa ƙashin ɗan tsako, shi ya sa ɓawon da aka ƙyanƙyashe yake ruɓushewa a hannu. Mai kiwon akuya ko shanu ma ya san abin nan ko bai san sunansa ba: fayar farko da ke fashewa kafin ɗa ya leƙo, ruwan wannan jakar ne.

Dubawar ran 11 ko 12 ita na fi ba muhimmanci, ita ce kuma mutane suka fi tsallakewa. Wannan karon juya ƙwan za ka yi ka haska tsinin. A lokacin ya kamata tantanin ya gama zagaye cikin ƙwai ya haɗe a can, jijiyoyi sun kai har ƙarshe. In ka tarar da tsinin fari fat, ba jijiya, a ƙwai da yawa, to ka tuhumi kanka. Ko juyin ƙwan a cikin inji ya yi kaɗan, musamman a makon farko, ko zafi ya gaza digiri 37.5, kamar daren da aka ɗauke wuta kana barci. Kaza mai kwanci ba ta gajiya da juya nata. In da hannu kake yi, kada ya gaza sau uku a rana, sau biyar ya fi.

Duk dubawa ina zana iyakar kumfar iskar da ke faffaɗan kai da fensir. Ƙwai yakan rasa kusan kashi 12 cikin 100 na nauyinsa zuwa ran 18, wato na giram 50 ya sauke kamar giram 6. Da hunturu kumfar kan yi girma da wuri, sai in ƙara farantin ruwa. Da damina kuwa rage ruwan nake yi.

Ran 18 ciki ya yi duhu, sai kumfar da 'yan jijiyoyi a bakinta. Ka daina juyi, ka ɗaga danshi zuwa kashi 65 ko 70, ka rufe inji. Na zabo ka jira ran 25, don shi yakan kai kwana 26 zuwa 28, ɓawonsa kuma kauri gare shi, sai tocila mai ƙarfi.

Saura ranar fasa ɓawo, inda sauri kan haifi nawa. Ɗan tsako zai huda ya fito da baki, sannan ya yi shiru wani lokaci har kwana guda. Ba maƙalewa ya yi ba. Huhu ne ke karɓar aiki, jini na janyewa daga tantanin, ragowar gwaiduwa na shigewa ciki. Na taɓa jin tausayin wani na ɓare shi da farce, jini ya biyo yatsana, kafin asuba ya mutu. Yanzu in awa 24 ta wuce bai ci gaba ba, nakan ɓalle ɓawo kaɗan ta wajen kumfar, in jiƙa tantanin da ruwan ɗumi in duba. In jijiyoyin ja ne cike da jini, in mayar da shi in ba shi wasu awoyi. Sai sun ƙanƙance sun koma kamar busasshen zare nake sa masa hannu.