Yadda zaka kama kalmar Turanci mai harafi biyar ba tare da kame-kame ba

A wajen shan atayarmu a unguwar Nima dake Accra yanzu ba gardamar ƙwallo kaɗai ake ba, akwai ta Wordle, kowa ya sunkuyar da kai kan waya yana neman kalma ɗaya. Ga wanda bai san shi ba, wasa ne da wani Josh Wardle ya ƙirƙira, ya fito fili a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Kalma mai harafi 5 ake ɓoyewa, dama 6 gareka. Harafi ya yi kore to ya zauna a gurbinsa, ruwan ɗorawa yana cikin kalmar amma ba nan bane wajensa, ruwan toka kuma babu shi sam.

Kalmar farko dai kar ka tsaya dogon tunani. Haruffan da suka fi yawo a irin kalmomin nan sune E, A, R, O, T, L, I da S, don haka STARE ko SLATE ko CRANE duk sun isa. Wasu sun liƙe wa ADIEU wai tana da wasula huɗu, ni dai ban yarda da ita ba, sanin cewa akwai A da E baya rage maka aiki sosai tunda kalmomi masu su sun fi gaban lissafi, baƙaƙe ne suke tona asirin kalma.

Inda mutane ke faɗuwa shine gidajen kalmomi, wato waɗanda ƙarshensu ɗaya ne harafin farko kawai ya bambanta. Kaga misali a gwaji na biyu ka samu O, U, N, D duk sun yi kore, sai murna, kace ai an gama. Wallahi ba'a gama ba, don a gidan nan akwai BOUND, FOUND, HOUND, MOUND, POUND, ROUND, SOUND da WOUND, guda takwas kenan kai kuma saura dama huɗu, in ka shiga jefa su ɗaya bayan ɗaya caca kake. Haka ya faru dani a trotro, motar haya, daga unguwar Madina, har muka iso tashar Circle ina ta jifa, ban samu ba.

Abin yi shine ka sadaukar da dama ɗaya. Rubuta kalmar da ka san ba ita bace amsa amma ta kwaso haruffan da kake shakka da yawa. Saka SHARP: in S ta haska SOUND ce, H kuma HOUND, R ta baka ROUND, P ta baka POUND. In duka huɗun sun mutu, saka WOMBS, ita zata raba maka WOUND da MOUND da BOUND, in babu ko ɗaya to FOUND ce ba makawa, kuma a gwaji na biyar ka kama ta. Gidan IGHT ma haka yake, LIGHT, NIGHT, MIGHT, RIGHT, SIGHT, FIGHT, TIGHT, EIGHT, nan FORMS ce ke aikin. Sai dai in ka kunna yanayin wasan mai tsauri da ake kira Hard Mode, wasan zai tilasta maka maimaita haruffan da ka gano, dabarar bata yiwuwa a can.

Sai wani tarko da ya shafe mu nan Gana musamman. A makarantar boko rubutun Ingila aka koya mana, COLOUR da FAVOUR da HUMOUR, harafi shida-shida. Wasan kuma rubutun Amurka yake bi, ana cire U ɗin su koma COLOR, FAVOR, HUMOR, sai gasu sun shiga layin masu biyar. Haka FIBRE da METRE, su a can FIBER da METER ne. Amma ƙanne masu shirin jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare, wannan na wasa ne kawai fa, kar ku kai shi takardar jarrabawa.

Kar ka manta harafi na iya zuwa sau biyu, FLOOR, SHEEP, LEVEL, kuma koren da ka gani baya nufin guda ɗaya ne. In wasula biyar duk sun mutu nemi Y, irin su CRYPT da NYMPH. Jam'i mai ƙarewa da S kamar BOOKS wasan zai karɓa a matsayin gwaji, amma kar ka sa ran shine amsa.

Ni ƙaramin littafi na saya, kowane shafi gida ɗaya, OUND a nan, ATCH a can. Duk kalmar da ta kayar dani sai in rubuta ta a gidanta da ma'anarta da Hausa a gefe, da kalmar da zan saka in raba su in na sake cin karo dasu. Na ATCH har yanzu CLIMB nake fara sakawa, tana taɓa CATCH, LATCH, MATCH da BATCH a lokaci ɗaya.