Shawara ga masu son zama jami'an kula da ma'aikata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga ƙannenmu na Sakkwato da ke karatun harkokin mulki ko na kasuwanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, masu sha'awar wannan aiki, shawarata ita ce kada ku tsaya ga digiri kaɗai. Ku yi rajista da CIPM, wato cibiyar ƙwararrun jami'an kula da ma'aikata, wadda aka kafa a 1968, domin ita doka ta ɗora wa alhakin tsara wannan sana'a a Najeriya.

Abin da na fi so ku riƙe da kyau shi ne sanin doka. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa hukuma ko kamfani zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, ma'aikaci kuma kashi 8, sannan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Jami'in da bai san waɗannan ba yana iya tauye haƙƙin magidanci ba tare da ya ankara ba, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Lokacin bautar ƙasa, ku roƙi a tura ku sashen ma'aikata, ku koyi lissafin albashi da manhajar kwamfuta ta Excel, ku kuma saba da rufe sirrin fayil, ko ɗan uwanku ne ya tambaya.